Wasan da Ke Jiran Ka: Tarihin Wasannin Japan Masu Dogon Labari da Faɗan Bi-da-bi

Ranar Laraba 10 ga Fabrairun 1988, tun gari bai waye ba dubban mutane suka yi layi a gaban shagunan kayan lantarki na unguwar Ikebukuro da ke birnin Tokyo. Wasunsu a nan suka kwana cikin sanyin hunturu. Akwai ma'aikatan da suka ƙi leƙa ofis, akwai 'yan makarantar da suka zille daga aji, har 'yan sanda suka tsare ɗaruruwansu saboda fashin karatu. An kuma samu rahoton yaran da aka tare a hanya aka ƙwace musu abin da suka sayo. Abin da ya tara wannan jama'a wani kaset ne da bai fi tafin hannu ba, mai ɗauke da wasan bidiyo da ake kira Dragon Quest III. A ranar kaɗai an sayar da fiye da kwafi miliyan 1. Har yau ana yaɗa cewa gwamnatin Japan ta kafa dokar hana fitar da wasan a ranakun aiki. Babu irin wannan doka. Kamfanin da ke wallafa shi a lokacin, Enix, shi ne ya koma fitar da sababbin ɓangarorinsa a ƙarshen mako.

Wanda ya saba da wasan ƙwallo ko na dambe a talabijin zai yi mamaki idan ya ga abin da aka yi wa wannan rububi. Babu gudu a cikinsa, babu tsalle. Dodo zai bayyana a allo ya tsaya cik. A ƙasa akwai jerin umarni: ka kai hari, ka yi sihiri, ka sha magani, ko ka gudu. Sai ka zaɓa sannan wani abu zai motsa. Idan ka ajiye na'urar ka tafi cin abinci, za ka dawo ka tarar da dodon a inda ka bar shi, yana jiran ka.

Wannan jira shi ne zuciyar nau'in wasannin da ake kira JRPG a taƙaice, wato wasannin Japan da ɗan wasa ke ɗaukar matsayin jarumin wani dogon labari. Sau da yawa an yi hasashen mutuwarsu, amma yau kusan shekara arba'in ke nan suna nan. Tarihinsu ya nuna dalilin haka. Wasa ne da ya janye sharaɗin saurin yatsa, ya maye gurbinsa da haƙuri, sannan ya gano cewa mutumin da ya ba labari sa'o'i hamsin na rayuwarsa ba zai ji labarin yadda ɗan kallo ke jin sa ba.

Daga teburin Amurka

Asalin salon ba a Japan yake ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a zaune da takarda da fensir da irin ƙwayar nan mai lambobi da ake jefawa a ludo. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar matsayin wani gwarzo, mayaƙi ko mai sihiri, mutum guda kuma yana riƙe da labarin, yana faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa. Da yake mutum biyar ba za su yi magana lokaci ɗaya a fahimce su ba, dole aka bi layi: kowa ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi, a jefa ƙwaya, a duba lissafi. Duk wanda ya taɓa zama a bakin dara ya san wannan tsari na bi-da-bi. Ka yi naka, ka naɗe hannu abokin karawa ya yi nasa.

A 1981 aka shigar da tsarin cikin kwamfutar Apple II ta hanyar wasanni biyu. Wizardry, na Andrew Greenberg da Robert Woodhead, yana tura ayarin mutum shida cikin kogon ƙarƙashin ƙasa, kuma ba shi da sassauci: gwarzon da ya mutu yana iya zama toka, ya ɓace har abada. Ultima, na Richard Garriott, ya shimfiɗa faffaɗar taswira mai birane da tekuna da ake kallo daga sama. Dukkansu sun samu masoya a Japan, amma masoyan 'yan tsiraru ne, domin ana buƙatar kwamfuta mai tsada da sanin Turanci da jure wahala. A 1984 wani haifaffen ƙasar Holan mazaunin Japan, Henk Rogers, ya fitar da The Black Onyx da harshen Japananci. Sai da ya riƙa bin ofisoshin mujallu yana koya wa editoci yadda ake yin sa kafin ya samu kasuwa.

Marubucin da ya buɗe ƙofar

Wanda ya kai salon ga talakawan 'yan wasa ba injiniya ba ne. Yuji Horii, wanda aka haifa a 1954 a tsibirin Awaji, ya karanta adabi a Jami'ar Waseda, ya so ya zama mai zanen labarai, ya ƙare a matsayin marubuci mai zaman kansa. A gasar rubuta wasanni da Enix ya shirya a 1982 ne ya haɗu da wani ɗalibi mai suna Koichi Nakamura. A 1983 kamfanin ya tura su wani baje-kolin kwamfutar Apple a San Francisco, inda Wizardry ya kama zuciyar Horii. A shekarar ce kuma, ranar 15 ga Yuli, Nintendo ya fitar da Famicom, ƙaramar na'urar da ake jonawa da talabijin, wadda ta shiga gidaje miliyoyi.

Matsalar ita ce Famicom ba ta da allon haruffa irin na kwamfuta. Abin riƙonta yana da madannin nuna hanya da manyan maɓallai biyu kawai. Horii ya riga ya gwada mafita a 1985, lokacin da aka mayar da wasansa na binciken kisan kai, Portopia, zuwa na'urar: maimakon ɗan wasa ya rubuta umarni, sai ya zaɓa daga jeri. Da wannan dabara aka gina Dragon Quest, wanda ya fito ranar 27 ga Mayun 1986. Daga Ultima aka ɗauko taswira, daga Wizardry aka ɗauko faɗa, sannan aka zubar da duk abin da zai firgita yaro ɗan shekara goma.

Kaset ɗin yana ɗaukar kilobayit 64 ne kacal, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya da wayar hannu ke ɗauka a yau ba. Ƙarancin wurin ya kai har ba a iya saka dukkan haruffan katakana na rubutun Japan ba. An zaɓi kimanin 20, aka tsara sunayen dodanni da na sihiri yadda za su dace da su. Babu kuma hanyar ajiye ci gaba a cikin kaset ɗin. Idan za ka tashi, wasan zai ba ka kalmar sirri mai harafi 20 ka kwafa a takarda. A Dragon Quest II na 1987 tsawonta ya kai harafi 52, kuma kuskuren harafi ɗaya yana iya cinye wahalar yini guda. Sai a kashi na uku aka saka batir mai riƙe bayanai.

Cikin wannan ƙunci Horii ya yanke wasu shawarwari da suka zama ginshiƙin salon. Wasan yana farawa ne a ɗakin sarki, ƙofa a kulle. Ba ka fita sai ka yi magana da fadawa, ka buɗe akwatuna, ka ɗauki mabuɗi, ka buɗe ƙofa. Kafin ka ankara ka koyi dukkan umarnin ba tare da an ce maka ana koyar da kai ba. Da ka fito fili, fadar babban maƙiyinka tana tsallaken ruwa kana hango ta, amma sai bayan doguwar tafiya za ka isa. Mafi muhimmanci shi ne hukuncin faɗuwa. Idan dodo ya kashe ka, za ka farka a gaban sarki, ya yi maka faɗa, a rage rabin kuɗinka, amma gogewar da ka tara tana nan. Kowane faɗa yana ƙara maka maki, maki su ɗaga ka mataki, mataki ya ƙara maka ƙarfi. Ma'anar wannan ita ce babu wanda wasan ya fi ƙarfinsa har abada. Wanda bai da basira sai ya biya da lokaci. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Mutum biyu suka ba wasan fuska da murya. Akira Toriyama, mai Dragon Ball, shi ya zana dodannin, kuma maimakon abin tsoro ya yi su masu ban dariya. Wanda ya fi shahara wani curin ruwa ne shuɗi mai siffar ɗigon hawaye, yana murmushi. Koichi Sugiyama, mawaƙin da ya haura shekara hamsin a lokacin, ya shigo ne ta hanyar katin jin ra'ayi da ya cike ya aika wa Enix game da wani wasansu na shogi, darar Japanawa. Ya tsara kiɗan da salon gargajiyar Turai, kuma a watan Agustan 1987 aka kaɗa shi a zauren Suntory na Tokyo. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda a lokacin take buga fiye da kwafi miliyan 4 a mako, kuma Horii yake rubutu a cikinta, ta yi ta bayyana wa yara yadda ake irin wannan wasa tun kafin ya fito.

Lokacin da lissafi ya fara ba da labari

Nasarar Enix ta zaburar da wasu. Ranar 18 ga Disamban 1987 wani ƙaramin kamfani, Square, ya fitar da Final Fantasy ƙarƙashin jagorancin Hironobu Sakaguchi, da kiɗan Nobuo Uematsu, da zanen Yoshitaka Amano, da aikin kwamfuta na Nasir Gebelli, Ba'amurke ɗan asalin Iran. Kwana biyu bayan haka Sega ya fitar da Phantasy Star, wanda jarumarsa mace ce, Alis, mai neman ramuwar kisan ɗan'uwanta. Labaran farko ba su wuce na ceto gimbiya da kashe mugun sarki ba. Amma da Super Famicom ta fito a 1990 da wuri mai yalwa, masu tsara wasannin suka gano wani abu da fim da littafi ba su da shi: lambobin da ke allo su ma suna iya magana.

A Final Fantasy IV na 1991, jarumin, Cecil, kwamanda ne da ya aikata ta'asa bisa umarnin sarkinsa. Da ya nemi tuba, sai aka haɗa shi faɗa da baƙar surarsa ta da. Ɗan wasan da ya saba danna umarnin hari zai ga ba ya cin nasara. Hanyar wucewa ita ce ya daina kai hari, ya jure. Bayan nan Cecil yakan koma mataki na ɗaya, ya fara tara ƙarfi daga tushe. Da hannun ɗan wasan aka yi tuban, kuma shi ya biya kuɗinsa.

Dragon Quest V na 1992 ya fi haka nisa. Kana farawa ne kana yaro ɗan shekara shida, kana bin mahaifinka Papas. A fagen faɗa kana ganin bambancin: kai kana cire wa dodo maki kaɗan, shi yana gamawa da shi a sara ɗaya, sannan ya juyo ya warkar da raunukanka. Babu wanda ya ce maka mahaifinka jarumi ne, lissafin ne ya nuna. Saboda haka ranar da maƙiya suka yi garkuwa da kai, ya tsaya bai ɗaga takobi ba suna dukansa har ya faɗi, ka san cewa da ya so da ya gama da su. Daga nan sai bauta ta shekara goma, sai aure inda kai ne za ka zaɓi mata, sai a mayar da kai dutse na shekara takwas. A ƙarshe ka gane cewa gwarzon da aka yi alkawarin zuwansa ba kai ba ne, ɗanka ne.

Final Fantasy VI na 1994 ya bar mugun, Kefka, ya yi nasara a tsakiyar labari ya rugurguza duniya, ya bar ɗan wasa da aikin tattaro abokan da suka warwatse, wasunsu sun riga sun fid da rai. Chrono Trigger na 1995, wanda ya haɗa Sakaguchi da Horii da Toriyama a aiki ɗaya, yana gurfanar da jarumin a kotu, a kawo shaidu kan ƙananan abubuwan da ɗan wasa ya yi a wajen wani biki sa'o'i kaɗan da suka wuce: ko ya cinye abincin wani tsoho, ko ya mayar wa wata yarinya kyanwarta. A Fabrairun 1996 kuma Satoshi Tajiri, wanda ya taso yana farautar ƙwari a garin Machida, ya fitar da Pokémon a kan Game Boy. Miliyoyin yara a duniya sun koyi faɗan bi-da-bi daga gare shi ba tare da sun san sunan salon ba.

Shekarar 1997

Kafin wannan lokaci Yammacin duniya bai rungumi salon sosai ba. Da aka kai Dragon Quest na farko Amurka a 1989 da sunan Dragon Warrior, kwafin da suka yi kwantai sun yi yawan da Nintendo ya riƙa raba su kyauta ga masu rajistar mujallarsa. Rabin wasannin Final Fantasy shida na farko ba a fassara su a lokacinsu ba, shi ya sa na huɗu ya isa Amurka a matsayin na biyu, na shida a matsayin na uku.

Final Fantasy VII ne ya canja wannan. Square ya bar Nintendo, wanda ya nace kan kaset, ya koma wa PlayStation ta Sony mai amfani da faifan CD, domin faifai ɗaya yana ɗaukar abin da kaset goma ba za su ɗauka ba. Wasan ya fito a Japan ranar 31 ga Janairun 1997 a kan faifai uku, bayan an kashe kimanin dala miliyan 40 wajen haɗa shi, kuma shi ne na farko a jerin da ya shiga kasuwar Turai. An sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Labarinsa na wani katafaren kamfanin makamashi ne, Shinra, da ke zuƙe ran duniya yana mayar da shi lantarki, talakawa kuma suna zaune a ƙarƙashin birnin Midgar ba sa ganin rana.

Abin da mutane suka fi tunawa shi ne ƙarshen faifan farko, inda aka kashe Aerith, yarinya mai sayar da furanni. Mutuwar jaruma ba sabon abu ba ne a labari. Abin da ya sa wannan ta yi ciwo shi ne matsayinta a cikin ayarin. Ita ce gwanar warkarwa. Ɗan wasa ya shafe sa'o'i yana ɗaga matakinta, yana saya mata makamai, yana dogaro da ita duk lokacin da faɗa ya yi tsanani. Ya kuma saba cewa akwai maganin da ke tayar da wanda ya faɗi a fagen daga. A nan maganin bai yi aiki ba. Da ya buɗe jerin mutanensa sai ya ga gurbinta babu kowa, kuma a kowane faɗa na gaba yana jin rashinta a aikace. An shafe shekaru ana yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyiyar hanya ta dawo da ita. Babu wannan hanya.

Shekarun raini

Bayan ganiya sai gangara. Final Fantasy X na 2001 ya yi kasuwa, amma fim ɗin da Sakaguchi ya jagoranta a shekarar, The Spirits Within, ya jawo wa Square babbar asara. Sakaguchi ya bar kamfanin ya kafa nasa, Mistwalker, kuma ranar 1 ga Afrilun 2003 tsofaffin abokan hamayya suka haɗe suka zama Square Enix. Da na'urori masu fitar da hoto tangaram suka zo, kuɗin haɗa wasa ya ninka, kamfanonin Amurka da Kanada kuma suka mamaye kasuwa da wasanni irin su Mass Effect da Skyrim, inda ake faɗa kai tsaye. A baje-kolin wasanni na Tokyo na 2009, Keiji Inafune na kamfanin Capcom ya fito fili ya ce masana'antar wasannin Japan ta gama yawo. Daga baya Naoki Yoshida, wanda ya jagoranci Final Fantasy XVI, ya bayyana a 2023 cewa lokacin da kalmar JRPG ta fara yaɗuwa, shi da abokan aikinsa sun ji ta a matsayin kalmar raini.

Hujjar masu sukar ita ce faɗan bi-da-bi dole ce ta kawo shi: na'urorin da ba su da ƙarfi, don haka aka sa mayaƙa suka yi sahu suna jiran juna, kuma tunda ƙarfi ya samu babu sauran dalilin jira. Shi kansa Final Fantasy ya bi wannan ra'ayi, inda kashi na 15 a 2016 da na 16 a 2023 suka koma faɗan kai tsaye. Sai dai tarihi bai goyi bayan hujjar ba. Super Mario Bros. ya fito a 1985. The Legend of Zelda, mai takobi da faɗan kai tsaye, ya fito a Fabrairun 1986, wata uku kafin Dragon Quest, a gidan Famicom ɗin nan dai. Hydlide da Dragon Slayer sun riga su tun 1984. Horii yana da zaɓi a gabansa, ya ɗauki jira da gangan, domin yana son wasan da kowa zai iya kaiwa ƙarshensa.

A cikin gida ma salon bai mutu ba, ya dai koma ƙananan na'urorin hannu. Dragon Quest IX na 2009 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a Japan a kan Nintendo DS. Kamfanin Atlus kuma, da Persona 3 na 2006, ya mayar da lokaci kansa abin lissafi: shekarar karatu guda ce a gabanka, kowace yamma zaɓi ɗaya gare ka, ko karatu, ko zama da aboki, ko shiga fagen dodanni, kuma ranar da ta wuce ba ta dawowa.

Dawowa

Daga 2012 iska ta fara juyawa. Bravely Default ya nuna wa Square Enix cewa tsohon salon yana da masu saye a waje. A 2015 wani matashin Ba'amurke, Toby Fox, wanda ya taso da EarthBound na Shigesato Itoi, ya fitar da Undertale, inda za ka iya gama wasan ba ka kashe kowa ba, domin lokacin da aka ba ka na tunani ya isa ka nemi wata hanyar. Persona 5 na 2016 da Dragon Quest XI na 2017 sun samu karɓuwa a duniya. A bikin buɗe gasar Olympics ta Tokyo ranar 23 ga Yulin 2021, kiɗan Dragon Quest ne ya buɗe faretin 'yan wasan ƙasashe, na Final Fantasy ya biyo baya.

Misalin da ya fi bayyana ma'anar salon shi ne Yakuza: Like a Dragon na 2020. Jerin wasannin Yakuza na Sega an san su da dambe kai tsaye, sai ga shi sun koma bi-da-bi, kuma labarin ya ba da dalili. Jarumin, Ichiban Kasuga, ya yi shekara 18 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba, ya fito ya haura arba'in, aka harbe shi aka yar a cikin marasa matsuguni a Yokohama. Tun yana yaro Dragon Quest ne makarantarsa, don haka da idon wasan yake kallon rayuwa. Abokan tafiyarsa sun haɗa da tsohon ma'aikacin jinya da ke kwana a titi da ɗan sandan da aka kora. Abin da ya riƙe shi ne darasin Horii: wanda yake mataki na ɗaya, ko shekarunsa nawa, yana iya hawa idan ya ci gaba da tafiya.

A Afrilun 2025 wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa, Sandfall Interactive, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, wanda masu shi suka ce daga Final Fantasy da Persona suka sha. Ya sayar da kwafi miliyan 3.3 cikin kwana 33. Salon da ya taso daga Amurka, Japan ta rene shi, yau Turawa ne ke koyon sa daga Japan.

Abin da jira ke saye

Wasannin nan suna da aibinsu, kuma masu son su sun fi kowa sani. A tsofaffin, taku kaɗan za ka yi dodo ya tare ka, ka yi faɗan da ka riga ka yi sau ɗari. Wasu suna tilasta maka yawo na sa'o'i kana tara maki kawai don a ja tsawon wasan. Labaran sukan maimaita kansu: maraya mai shekara goma sha shida, ƙauyen da aka ƙona, mugun da ke son zama abin bauta. Sababbin sun rage yawancin wannan, da damar hanzarta faɗa ko kauce masa. Tsawon kansa ma shinge ne. A gidajen gem na garuruwanmu, inda ake biya wasa-wasa kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, ƙwallo da dambe ne suka dace da tsarin. Labarin sa'o'i sittin da ke buƙatar karatu da wurin ajiye ci gaba bai samu gurbi ba. Wayar hannu ce ta fara rage wannan tazara, domin yawancin tsofaffin Dragon Quest da Final Fantasy yanzu ana samun su a kanta.

Duk da haka, abin da salon ke bayarwa ba shi da madadi mai sauƙi. Wasan da ke auna saurin yatsa yana tace mutane: yana barin tsoho a baya, da mai lalurar hannu, da wanda ya dawo daga aiki a gajiye, da uwar da za ta ajiye na'ura ta ɗauki jariri. Wasan bi-da-bi ba ya tambayar ɗayansu komai sai shawara. Yana kuma ba mutum ɗaya damar kula da ayari guda, ya san wanda ke tare wa 'yan'uwansa sara da wanda ke warkar da su, har halin kowane jarumi ya bayyana a aikinsa kafin ya buɗe baki. Tsaikon da ke tsakanin umarni da umarni a nan ne tsoro da lissafi da tausayi suke samun wurin zama: maganin nan guda da ya rage, wa za a ba?

Sugiyama ya rasu a Satumban 2021 yana da shekara 90, Toriyama ya bi shi ranar 1 ga Maris 2024 yana da 68. A Nuwamban 2024 aka sake fitar da Dragon Quest III da sabon zane, kuma cikin masu sayen sa har da waɗanda suke 'yan makaranta lokacin fitowarsa ta farko, yanzu da furfura da 'ya'ya. An sabunta hoto, an ƙara muryoyi, an sassauta wahalar tafiya. Jerin umarnin nan kuwa an bar shi a ƙasan allo yadda Horii ya tsara shi, kuma dodon ba ya motsi sai ɗan wasa ya zaɓa.